Garin Gyaran Gira, Kada A Rasa Ido

Jawabin da wata tsohuwar ɗaliba, ma'aikaciyar jinya, ta gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara a Kazaure



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar in tsaya gaban manya, ina kuma yi wa waɗanda suka taso tun sassafe daga Babura da Roni da Gwiwa sannu da hanya. Batun da aka ba ni shi ne gyaran jiki ba tare da tiyata ba, wato hanyoyin da ake bi don gyara fata ko fuska ko ƙira ba tare da an sa wuƙa ba. Abin da nake fatan kowaccenmu ta koma gida da shi guda ɗaya ne: don an ce babu yanka, kada a ɗauka babu haɗari.

Dalilin gudun wuƙa

Tiyatar gyaran jiki iri biyu ce. Akwai ta lalura, kamar ɗinke tsagaggen leɓen jariri, ko gyara wanda wuta ta ƙone, ko aikin da ake yi a Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999 don yaran da cutar noma ta ci wa fuska. Irin wannan babu mai ko allurar da za ta maye gurbinta, kuma duk mai irin wannan yaro a gida ya kai shi asibiti, kada kunya ta sa a ɓoye shi.

Ta biyu ita ce ta ado, kamar zuƙe kitsen ciki ko ƙara mazaunai. Ita ce mutane ke tsoro, kuma suna da hujja. Manyanmu za su tuna rasuwar uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, a ƙasar Sifen cikin watan Oktoba na 2005, bayan an yi mata aikin cire kitse. A 2009 kotu a can ta sami likitan da laifin sakaci. To idan haka ta faru da mai kuɗi da gata, ba abin mamaki ba ne mata su nemi hanyar da ba a kwantar da mutum, ba a ba shi maganin barci.

Abin da likitoci ke yi ba da wuƙa ba

Na farko shi ne allurar Botox. Asalinta guba ce da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, sai aka tace ta, ana amfani da ɗan ƙanƙani don sanyaya naman da ke tattare fatar goshi. A Amurka an fara amincewa da ita a 1989 don maganin harara-garke da ƙiftawar ido marar dalili, sai a 2002 aka yarda a yi ta don tamojin tsakanin gira. Aikinta wata uku ne zuwa huɗu, daga nan sai an sake biya. In kuma hannun bai ƙware ba, fatar ido kan saki ta rufe rabin ido na tsawon makonni.

Na biyu allurar ciko, wadda ake cika kumatu ko leɓe da ita. Wadda likitoci suka fi amfani da ita an yi ta ne da sinadarin da dama akwai irinsa a fatarmu, yana riƙe ruwa, jiki kuma yana shanye shi cikin watanni. Kyawunta shi ne akwai wata allurar da ke narkar da ita idan an sami kuskure. Amma idan ta shiga jijiyar jini, fatar wurin na iya mutuwa, akwai ma waɗanda suka makance. Kun ga inda karin maganar iyayenmu ta zama zahiri.

Na uku hasken leza, na cire gashi da tabo. Yadda yake aiki shi ne yana bin baƙin launi ya ƙone shi. Ga Bature, baƙin ya fi yawa ne a cikin gashi. Mu kuwa fatarmu duka tana ɗauke da shi, saboda haka na'urar da ba a saita ta don baƙar fata ba sai ta ƙone mutum, ta bar masa tabon da ya fi na farko muni. Daɗin daɗawa, mu baƙaƙe mun fi saurin yin tabo mai tudu.

Waɗannan duka aikin likitan fata ne ko likitan tiyata. Ba a yin su a shagon kitso ko a ɗakin amarya.

Abin da ya fi kusa da mu

Jama'a, gaskiyar magana, kaɗan ne daga cikinmu za su je neman Botox. Namu gyaran yana shigowa ne a kwali daga kasuwannin Kano, ko ta waya, a aiko da shi a motar Daura a sauke a tashar Kazaure.

Babba a ciki shi ne man bilicin. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da kayan hasken fata, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Abubuwa uku ne ke yin ɓarnar. Akwai sinadarin da za ku ga an rubuta Hydroquinone a jikin kwali, wanda doka ta hana ya wuce kashi 2 cikin 100. Idan aka daɗe ana shafa shi, kumatu su yi baƙi-baƙi mai shuɗi wanda da wuya ya goge. Akwai zaiba, wato makuri, mai ratsa fata ya lalata ƙoda, ya kuma isa ga ɗan tayi. Akwai maganin ƙaiƙayi mai ƙarfi irin su Clobetasol, wanda likita ke bayarwa na 'yan makonni, amma ake juye shi cikin man shafawa a yi shekaru. Shi ne ke sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje da makero, ya kuma iya jawo hawan jini da ciwon suga.

Mu masu aikin jinya muna ganin ƙarshen abin. Idan haihuwa ta zo da gardama aka yi aiki, fatar da ta sha bilicin ba ta riƙe zare yadda ya kamata, ciwon kuma ya daɗe bai warke ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne iyayen da suka fara shafa wa jarirai. Wannan baƙin da muke kankarewa shi ne laimar da ke kare mu daga ranar ƙasar nan.

Sai ƙwayoyin ƙiba, su sha-ka-fashe. Yawancinsu ko dai maganin mura ne mai buɗe ciki, ko dangin wancan maganin ƙaiƙayi. Kumburin da suke sa wa fuska ruwa ne da kitse, ƙashi kuwa yana ta rauni a ɓoye. Mafi muni ita ce allurar ƙarin mazaunai da ba a san abin da ke cikinta ba. Idan ruwan silikon ne, ba ya narkewa, yana yawo a jiki, yana iya toshe huhu, cire shi kuma sai da wuƙar da aka gudu tun farko.

Namu na gida

Iyayenmu sun san gyaran jiki tun kafin a ƙera leza. Ga lalle, ga man kaɗanya lokacin hunturu, ga sabulun salo, ga kurkum, ga dilka da halawa da muka koya daga 'yan'uwanmu na Barno. Mafi yawansu suna tsayawa ne a bayan fata, su wanke, su tausasa, shi ya sa illarsu ba ta da yawa. Ina ba da shawarar mu riƙe su.

Sai dai a nan ma akwai gyara. Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi yana tayar wa wasu da ƙuraje masu ruwa, har zanen ya zama tabo. Dilkar da aka zuba wa man bilicin don amarya ta yi haske cikin mako guda ta tashi daga dilka. Sannan kwalli: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya da aka sami gubar dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mun san abin da dalmar wuraren haƙar zinare ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Don Allah mu daina sa wa jarirai kwallin da ba mu san asalinsa ba.

Kammalawa

Kafin ki yarda a shafa miki ko a tsira miki wani abu, yi tambaya uku. Mene ne a ciki, kuma akwai lambar NAFDAC? Wane ne zai yi, ina shaidar karatunsa? Idan ya ɓaci, wa zai gyara, kuma a ina? Duk haɗin da aka ɗura a robar da babu rubutu, bar shi, araha ba ta ado.

Wadda ta riga ta daɗe tana shafa mai mai ƙarfi, kada ta yanke shi rana ɗaya, domin fata na iya tayar da bore. Ta je Babban Asibitin Kazaure ko na Babura, in ta kama a tura ta wurin likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ina roƙon maza da iyayen angwaye su taya mu, domin yarinya ba ta kankare jikinta sai ta ji ana cewa fara ake so. Ina kuma roƙon ƙungiya ta ware rana guda a kowane zango, mu da ke aikin lafiya mu zo mu zauna da ƙannenmu kafin 'yan talla su riga mu.

Allah Ya ƙara wa makarantarmu albarka, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya mai da kowa gida lafiya.