Ƙura a gidan niƙa: buhun tace gari da filtar inji

Yau zancenmu a kan ƙura yake.

Ku da ke unguwar Wadata, nan Yamai, kun san gidajen niƙa na kusa da kasuwa da tashar mota. Mai niƙa yakan fito da yamma fari fat, har gira da gashin ido. To, abin da ya zauna masa a gira, irinsa ya shiga huhu. Ƙurar gari tana sa tari, tana sa fuka. In ta cika ɗaki, tartsatsin wuta ko taba na iya kunna ta.

Don haka aka yi abin tace ƙura. A manyan masana'antu, irin na siminti da muke da ɗaya a Malbaza, akan jera dogayen buhunan ƙyalle da yawa cikin babban akwatin ƙarfe. Iska mai ƙura ta bi ta jikin ƙyallen. Iska ta wuce, ƙura ta tsaya. Lokaci lokaci ana kakkaɓe buhunan da iska mai ƙarfi. Akwai agogon awo da ke nuna in sun toshe.

Injin niƙa ma haka yake, ƙarami ne kawai. Wani yana da babban mazurarin ƙarfe inda gari ke juyawa ya sauka, da buhun ƙyalle inda iska ke fita. Buhun nan shi ne matacinka. Kai ba ka da agogon awo, amma kana da hannu da ido. Taɓa buhun inji na aiki. In ya yi tauri kamar ganga, gari kuma na feso wa ta mahaɗa, ya toshe. In ka ga ƙura na fita wuri ɗaya kamar hayaƙi, ya huje. A ɗinke shi a ranar.

Kowace yamma, a kashe inji tukuna, a jira ya tsaya cak. A kwance buhu, a fita da shi waje, a juya wa iska baya, a rufe hanci da baki, sannan a kakkaɓe. Masu kakkaɓewa cikin ɗaki aikin banza suke yi, ƙurar nan za ta koma inda ta fito. In an wanke buhu, sai ya bushe ƙayau kafin a mayar. Ɗanyen buhu da gari, ai kunu ne. Ya bushe ya toshe ƙyallen, ya yi funfuna. A kula da wannan sosai da damana.

Injin gasuwal shi ma yana numfashi, yana da nasa mataci, wanda makanikai ke ce wa filtar. In ta takarda ce, kada ruwa ya taɓa ta. A bubbuga ta a hankali, a ɗaga ta ga haske. In akwai huji, a sayi sabuwa. In mai kwanon baƙin mai ce, a zubar da tsohon mai, a wanke kwano, a zuba sabo daidai layi. Filtar da ta toshe tana sa baƙin hayaƙi da shan mai. Wasu sukan cire ta su jefar, wai inji ya samu ƙarfi. Wannan ganganci ne. Ƙura za ta shiga ta cinye cikin inji, kuɗin gyara kuma ya ninka na filtar nesa ba kusa ba. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, a ƙara yawan dubawa.

Yanzu ga amfanin karatunku. Ka samu ƙaramin littafi, ka rataye shi nesa da belin inji. Ka rubuta kwanan wata da abin da ka yi. Misali: "Litinin 6 ga wata, na wanke buhu." In yaronka ya karɓe ka, shi ma ya rubuta. Ranar da makaniki ya zo, ka miƙa masa littafin ya gani.

Malamai, a sa ɗalibai su rubuta wannan misali a allo. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.