Haƙƙin Mai Jinyar Tsoho A Asibitocin Kudu

 

Maganarmu ta yau a kan tsofaffinmu masu gigin tsufa take, da waɗanda ke kwana a gefen gadonsu idan an kwantar da su a asibiti, galibi 'ya'ya mata da surukai. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba sammu ba ne, ba maita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari kuma nau'in da ake kira Alzheimer ne.

Abin da ya sa namu ya fi na 'yan gari nauyi shi ne harshe. Dattijon da ya shekara arba'in yana cinikin goro da Yarabanci a Sabon Ibadan ko Shagamu ko Agege, idan ciwon ya yi nisa, yaren da ya koya da girma shi ke fara zube masa. Sai ya koma Hausar da ya tashi da ita. Nas ta tambaye shi ina ke ciwo, ya zuba mata ido. Ta kawo allura, ya fizge hannu, don bai san ta ba, bai san wurin ba. Sai a ce tsohon nan taurin kai gare shi.

Koken da iyalai ke kawo mana daga asibitoci daban-daban kusan iri ɗaya ne. Lokacin ziyara ya ƙare, aka fitar da mai jinya. Da safe ta tarar da abinci ba a taɓa ba, ƙarin ruwa ya tsinke, wani lokaci ma an ɗaure hannun Baba a jikin gado. Alhali abin da ya tashe shi cikin dare alwala yake nema. 'Yarsa ta san haka, ba wanda ya tambaye ta. Mun san ma'aikata sun yi kaɗan, gadaje sun yi yawa. To, ai wannan ne dalilin da zai sa a bar mai jinya ta zauna.

Doka tana tare da mu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ce a yi wa majinyaci bayanin ciwonsa da maganinsa, kuma gwargwadon iko da yaren da yake ji. Sashe na 20 ya hana a ƙi karɓar mutum a halin gaggawa bisa kowane dalili. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 34, ya kare mutuncin ɗan Adam, na 42 kuma ya hana hukuma nuna bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Ba alfarma muke roƙo ba don muna zaune a ƙasar wasu.

Saboda haka idan za ku kai tsoho, ku rubuta takarda guda da Turanci: sunan da yake amsawa, yaren da yake ji, magungunansa, ko yana iya ci da kansa, abin da ke firgita shi. Ku miƙa wa shugabar nas-nas, ku nemi izinin mutum ɗaya ya kwana a matsayin tafinta. In an hana, a nemi ofishin karɓar ƙorafi cikin ladabi, a rubuce.

Wani abu kuma, idan ruɗewarsa ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ku yarda a ce tsufa ne kawai. Sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani, kuma ana warkar da su.

Ga na kusa da Ibadan, asibitin koyarwa na UCH yana da cibiyar tsofaffi tun 2012. Mu kuma a nan muna neman matasa maza da mata masu jin Turanci da yaren gari, su ba sakatare sunayensu bayan taro, don a riƙa karɓar masu jinya ko da dare ɗaya ne a mako, su je gida su runtsa.