Daudawar batso: wari a hannu, daɗi a miya

Yau hirarmu a kan tukunyar miya take. Maza, kada ku tashi. Ku ma da ku ake, tun da daga aljihunku kuɗin cefane ke fitowa.

Bari mu fara daga nesa. A ƙasashen Iran da Afganistan akwai wani tsiro, dangin karas. In ya shekara 4 ko 5, sai a yanke kan saiwarsa. Wani farin ruwa ya fito, ya daskare kamar ƙaro. Larabawa suna ce masa hiltit, mutanen Indiya suna ce masa hing. Warinsa ya fi na ruɓaɓɓiyar albasa. Amma in an jefa ɗan kaɗan cikin mai mai zafi, sai warin ya kwanta, miya ta yi ƙamshi kamar an sa albasa da tafarnuwa. Indiya ta daɗe tana sayo shi daga waje da tsada. Sai a shekarar 2020 ta fara gwada shuka shi a tsaunukanta na arewa.

To, mu ma nan Adar muna da namu mai wari, kuma a gonarmu yake. Ita ce daudawar batso.

Kun san ɗorawa ba ta son ƙasa mai ƙarancin ruwa. Shi ya sa ƙalwa daga kudu take zo mana. Yakuwa kuwa ba ta da tsarabe-tsarabe. A gefen gonar hatsi ake shuka ta, daga Barmu har Keita da Tamaske. Mu ci ganyenta, ƴaƴanta kuma, wato gurguzu, da su ake yin daudawar.

Ga yadda iyayenmu mata ke yi. A tsince gurguzu, a wanke shi sarai. A dafa shi da ruwan toka, yini guda, har ya yi laushi. A rufe shi cikin tukunya kwana 2 ko 3. A daka, a sake rufewa. Sa'an nan a cura, a shanya a rana har ya bushe ƙarau.

Me ke faruwa cikin tukunyar da aka rufe? Wasu ƴan ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke aiki, kamar yadda madara ke zama nono. Su ke kawo warin. Su ne kuma ke sa gurguzu ya yi sauƙin narkewa a ciki. Wajen kashi ɗaya bisa huɗu na gurguzu abinci ne mai gina jiki, irin wanda ke cikin wake da nama. Gidan da ba a samun nama kullum, daudawa tana taimakon yara.

Ba mu kaɗai muka san ta ba. A Burkina Faso sunanta bikalga, a Mali datu, a Sudan furundu.

Amma yau mata da yawa sun koma ga dunƙulen miya na kanti. Wasu har kunyar warin daudawa suke ji. Ku sani, kusan rabin dunƙulen nan gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda. Gishiri in ya yi yawa, yana kawo hawan jini.

Yanzu ku ɗauko alli, mu yi lissafi. A ce uwargida tana sayen dunƙule na dala 10 kowace rana. A wata, dala 300 ke nan, jaka ɗaya da rabi. A shekara, jaka 18 da ɗoriya. Tiya nawa ta hatsi wannan kuɗi zai saya a kasuwar garinku? Kuma kuɗin daudawa, a hannun maƙwabciyarku mai sana'a yake tsayawa.

Gargaɗi guda: a wanke hannu da tukunya, a shanya bisa tabarma mai tsabta, nesa da ƙuda. Wadda ta yi funfuna, a zubar.

Aikinku na wannan mako: kowa ya sami tsohuwar da ta iya daudawa, ya tambaye ta, ya rubuta yadda take yi, daki-daki. Ku karanta wa juna a aji, malaminku ya aiko mana.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.