Takardun Gidan Peale da Abin da Fenti Ya Rufe



Maganata ta yau a kan takardun wani gida ne na masu zane a birnin Filadalfiya ta Amurka, gidan Charles Willson Peale, wanda ya rayu daga 1741 zuwa 1827. Ya zana George Washington sau da dama, ya buɗe gidan kayan tarihi a 1786, ya kuma raɗa wa 'ya'yansa sunayen manyan masu zanen Turai, su Raphaelle da Rembrandt da Rubens da Titian, suka kuwa gaji sana'ar. Kaso mai yawa na wasiƙunsu da zanen gwajinsu, da littattafan da uban yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, suna ajiye a American Philosophical Society. Abin da nake so in kafa shi ne, hoton da aka kammala yana nuna abin da mai zane ya yarda a gani, kuma ba za a san mutanen da ke ciki da waɗanda ke bayansa ba sai an koma ga takarda.

Ku dubi hoton Yarrow Mamout, wanda Peale ya zana a Georgetown a 1819, yau kuma yana gidan zane na Filadalfiya. Ido zai ga tsoho baƙar fata da hular saƙa da babbar rigar sanyi, fuskarsa a sake. Iyakar abin da fenti ya faɗa ke nan. Sai a littafin Peale muke jin cewa Musulmi ne, ana jin sa a titi yana yabon Allah, ba ya cin alade, ba ya kusantar giya, kuma ya tara kuɗi da guminsa har ya mallaki gida da hannun jari a banki. Daga Afirka ta Yamma aka kamo shi, aka sauke shi a Maryland a 1752, ya yi shekara 44 cikin bauta kafin ya sami 'yanci. Takardar ba ta bar mai zanen ba ma. Abin da ya kai Peale wurinsa shi ne labarin cewa tsohon ya haura shekara 130, Peale kuwa batun tsawon rai ya daɗe yana cin ransa. Binciken baya ya nuna Yarrow bai wuce tamanin da 'yan kai ba. Kuskuren da ya jawo zanen da kuma bayanin da ya tsare mana addinin mutumin, duk a littafi ɗaya suke.

Na san za a ce takardun gida shaidar mai gida ce, ba wanda ke rubuta laifinsa da hannunsa. Wannan suka tana da ƙarfi, ban kuma raina ta ba. Wasiƙun da Peale ya aika wa Raphaelle cike suke da faɗa kan shan giya da rashin natsuwa, aka daɗe ana karanta rayuwar ɗan da idon uban. Daga baya wasu masana suka kawo cewa gubar arsenik da zaiba, waɗanda ake amfani da su wajen adana gawar tsuntsaye da dabbobi a gidan tarihin, suna iya zama sanadin ciwon da ya yi ajalinsa a 1825. Har yau ana gardama. Amma ku lura daga ina masu wannan ra'ayi suka samo makaminsu: daga rubutun gidan kan yadda ake aikin. Mai rubutu kullum yana faɗin abin da bai yi niyya ba. Haka labarin Moses Williams ya fito, yaron da ya tashi bawa a gidan, aka koya masa yanka hoton gefen fuska a takarda, ya yi wa dubban baƙi, alhali 'ya'yan gida aka ba su buroshi da fenti.

Wasu kuma suna ganin zanen gwaji shara ce, tun da mai shi bai ɗauke shi aikin nunawa ba. Titian Ramsay Peale ya bi ayarin binciken da Stephen Long ya jagoranta zuwa duwatsun Rocky a 1819 da 1820 yana ɗan shekara ashirin, yana zana dabbobi da tsuntsaye da sansanin matafiya a inda ya gan su. Bayan rasuwar uban, gidan tarihin ya durƙushe, aka sayar da kayansa aka warwatsa, wasu suka tafi a gobara. Zanen da Titian ya yi a hanya da fensir da fentin ruwa kuwa suna nan a Filadalfiya, masu nazarin dabbobi da masu tarihin yammacin Amurka suna zuwa suna buɗe su.