Lokacin Ɗalibi: Abin da Ya Kamata a Fara Gyarawa a Jami'o'inmu

Mai girma shugaban taro, iyayena malamai, 'yan'uwana ɗalibai.

An umarce ni, a matsayina na wakilin ɗalibai, in faɗi abin da ya kamata a fara gyarawa a jami'o'inmu. Na san da dama sun zaci da kuɗin rajista zan buɗe baki. Zan zo kansa, amma abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne lokacinmu da ake ɓarnatarwa, ba mai cewa sannu.

A 2020 ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta yi yajin aiki na kusan wata 9. A 2022 aka sake kulle azuzuwa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Ban zo nan don ganin laifin malamanmu ba. Alkawarin da gwamnati ta sa wa hannu tun 2009 suke nema a cika a lokacin, kuma asusun TETFund da ya gina ɗakunan lacca da dama, daga fafutukarsu ta 1992 ya samo asali. Sai dai idan ƙura ta lafa, malami yana da ƙungiyar da za ta bi masa albashinsa. Shi ɗalibi wa zai biya shi? Mai gidan haya bai san yajin aiki ba, shekara na zagayowa zai miƙo hannu. Digirin shekara 4 ya koma na 6. Wanda ya shigo da 'yan shekarunsa ya haura 30 kafin ya gama, sai a miƙa masa takardar yafe bautar ƙasa. Da an dawo kuma, a dunƙule karatun zango guda cikin 'yan makonni, mu haddace, mu juye a takarda, mu manta.

To, wannan na gwamnati ne. Akwai wanda yake hannunku, iyayena malamai, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Ɗalibi ya rubuta jarrabawa, ya sa hannu a takardar halarta, a liƙa sakamako ya ga gurbinsa fayau. Ya je wurin jami'in jarrabawa a ce ya ga mai kwas ɗin, mai kwas ya yi tafiya, shugaban sashe ya ce ya dawo gobe. Kafin goben ta zo an rufe rajista, dole ya maimaita kwas, wani lokacin ma shekara sukutum. Muna roƙo a tsayar da wa'adin fitar da sakamako, kuma duk wanda aka ce takardarsa ta ɓata a warware masa kafin sabon zango ya kama.

Batun kuɗi kuwa, bashin karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 ya rufa wa wasu asiri, amma bashi ne. Kada a rufe rajista a kan ɗalibin da ke jiran kuɗinsa su fito.

Duk waɗannan a kwamitoci ake yanke su, kuma galibi sai an gama muke gani a allon sanarwa. Mai girma shugaba, a ba wakilin ɗalibai kujera, da damar magana, a kwamitin da ke tsara jadawalin karatu da wanda ke ƙayyade kuɗin makaranta.