Sitiyari mai tauri gargaɗi ne

Jawabi ga ƴan makarantun yaƙi da jahilci na Maradi, Tibiri da Jiratawa



Jawabin yau a kan mota ne. Ba kowa ke da mota ba, amma kowa na shigarta. Mai zogale a Jiratawa da mota yake kai buhunansa Maradi. Ran Laraba motoci kan cika da ƴan kasuwar Tibiri. Rayukan mutanen nan duka suna hannun direba. Shi kuma direba da sitiyari yake riƙe da mota.

Sitiyari yakan yi gargaɗi kafin ya mutu. Wani lokaci ya yi tauri. Wani lokaci ya juya dama da sauƙi, hagu da wuya. Wani lokaci kuma mota ta riƙa jan gefe ɗaya. Direban da ya ji haka ya ce "sai bayan kasuwa", da ran mutane yake wasa.

Sitiyari iri 3 ne. Akwai na tsofaffin motoci irin Peugeot 404, wanda ƙarfin hannu kaɗai ke juya shi. Akwai mai famfon mai, wanda inji ke taimaka wa. Akwai kuma na sababbin motoci, mai aiki da lantarki. Ko wane iri ne, a fara bincike daga abu mai araha.

1. Iskar taya

Taya mai ƙarancin iska tana baje a ƙasa, sai sitiyari ya yi nauyi. In taya ɗaya ce ta gaba ta rage iska, mota za ta ja wajenta. A auna iska da safe wurin mai faci, tun taya ba ta yi zafi ba. Ƙaramar mota tana son wajen kilo 2. Ainihin lambar galibi tana rubuce a jikin ƙofar direba. Ga amfanin karatu ke nan: wanda ya iya lamba zai duba da kansa.

In iska ta yi daidai amma mota na ja har yanzu, a sauya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu. In jan ya sauya gefe, laifin taya ne.

2. Kaya

In an jibge buhuna a gefe ɗaya, mota za ta karkata. In an cika bayanta fiye da kima, gabanta zai ɗaga, ta riƙa yawo bisa hanya. A raba kaya daidai, a rage abin da ya yi yawa.

3. Mai da bel

Wannan ya shafi mota mai famfo. A buɗe gaban mota, a duba ɗan tulun man sitiyari. Galibi yana da alama biyu: MIN a ƙasa, MAX a sama. Mai ya tsaya tsakaninsu. In ya yi kaɗan, famfo zai yi kuka lokacin juyi. A ƙara irin man da aka rubuta wa motar. Kada a zuba man birki, yana cinye robobi. Man nan ba ya ƙonewa kamar fetur. In yana raguwa, akwai inda yake yoyo, a nemo wurin.

Bel shi ne igiyar roba mai juya famfo. In ya saki, sai a ji ƙara mai tsini in an murɗa sitiyari. A ɗaure shi. In ya tsattsage, a sa sabo.

Mota mai lantarki ba ta da wannan tulu. In fitila mai hoton sitiyari ta kama a gaban direba, a duba batir, sannan a kai ta wurin masani.

4. Gaɓoɓi

Nan ne babban haɗari. Tsakanin sitiyari da tayoyi akwai gaɓoɓin ƙarfe, kamar gwiwar mutum. An rufe su da roba, da giris a ciki. Rairayin hanyoyin ƙauye yana da kaifi. Da damina kuma motoci na ratsa ruwa da taɓo a fadamar Gulbin Maradi. In roba ta yage, ruwa da yashi su shiga, giris ya fita, gaɓa ta yi tsatsa ko ta cinye.

Ga yadda makanike ke ganewa. Ya ɗaga gaban mota da jak, ya tokare ta da kyau. Ya juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In ya yi tauri, ya saki, ya sake yin tauri cikin juyi ɗaya, sau da yawa gaɓar ƙasan sandar sitiyari ce ta cije. Sannan ya kama taya da hannu biyu, ya girgiza ta dama da hagu. In ya ji ƙwas-ƙwas, gaɓa ta cinye.

Gaɓar da ta cinye ba a yi mata walda, ba a ɗaure ta da waya. Sabuwa ake sa wa. In ta ɓalle ana gudu, taya za ta bi inda ta ga dama, direba ba shi da abin yi. Bayan gyara a daidaita ƙafafun gaba a gareji. In ba a yi ba, taya za ta cinye a baki ɗaya.

Kowa da nasa aiki

Direba ya gaya wa mai mota abin da hannunsa ya ji, a ranar da ya ji shi. Mai mota kada ya ce kuɗin gyara sun yi yawa. Kuɗin gaɓa ɗaya ba su kai na jinyar mutum ɗaya ba. Fasinja kuma in ya ga direba na kokawa da sitiyari, ya yi magana cikin ladabi. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ba a saurare shi ba, ya sauka ya jira wata mota.

Wanda ya karanta jawabin nan ya karanta wa direban garinsu.

Allah ya kiyaye hanya, amin.