Shin Dole Ne Mai Kanti Ya Karɓi Kowace Naira?

 

Tambayar da za mu duba ita ce: idan mai saye ya miƙa takardar kuɗi, shin mai kanti yana da hurumin cewa "ba na karɓar irin wannan"?

Amsar ta danganta da ƙasa. A Birtaniya, bankunan kasuwanci uku na yankin Sikotlan suna buga nasu takardun fam, darajarsu ɗaya da na Bankin Ingila, amma mai kanti a Landan yana iya mayar maka da su, kuma bai karya doka ba. Kusa da mu, sefar Nijar daga bankin da ke Dakar take fitowa, ta Chadi da Kamaru kuma daga na Yawunde. Suna ɗaya, daraja ɗaya, amma babu dokar da ta tilasta wa mai shago a Yamai karɓar ta Njamena. Duk da haka ɗan kasuwar Maraɗi yakan karɓi naira ba tare da kowa ya tilasta masa ba, don ya san gobe zai kashe ta a Jibiya ko Katsina.

Mu a Najeriya banki ɗaya ne ke buga kuɗi. Sashe na 20 na dokar Babban Banki ta 2007 ya ce duk wanda ya ƙi karɓar naira ya yi laifi, hukuncinsa tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida. To sai mutum ya ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, kuma mutanen Birnin Gwari shaida ne.

A ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000. Aka ba da wa'adin 31 ga Janairu, 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Bankuna suka kwashe tsofaffin kuɗi, sababbin kuwa suka zama kamar ruwa a rani. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, ta kuma ba da umarnin dakatar da wa'adin a ranar 8 ga Fabrairu. Sai ga ranar 16 ga wata: Shugaba Buhari ya yi jawabi da safe cewa tsohuwar 200 kaɗai ta rage, Gwamna El-Rufa'i na Kaduna kuma ya fito a ranar ya ce duka takardun uku halastattu ne a jihar Kaduna. A Kano har an rufe wani babban kanti saboda ƙin karɓar tsofaffin kuɗi. Naira ta zama kuɗin yanki: takardar da ke sayen shinkafa a wannan jiha, a Abuja ba ta sayen komai.

Ku kawo wannan gida Birnin Gwari. Manomi a Tabanni ko Kuyello ko Kutemeshi ya sayar da buhunan masararsa da kaka, ya naɗe kuɗin a leda ya tura ƙarƙashin katifa, domin babu banki a ƙauyensa, hanya kuwa kun fi ni sanin halin da take ciki a lokacin. Uwargida ta aiko yaro da tsohuwar dubu ɗaya ya sayo gishiri da magi da sabulu. Mai shago ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya ajiye a kan tebur, ya kasa sa ta a aljihu, ya kasa mayar wa yaron. Ya san uwar yaron, ya san ba su da wata. Amma ya san kuma idan ya kai ta wurin mai sari a Funtuwa, abin da zai ji shi ne "Alhaji, sai dai sabo ko tiransifa." Ina sabis ɗin da za a yi tiransifar? Masu POS kuwa, a wasu wurare har ɗari biyu suke cira a kan kowace dubu.

Wannan mai shagon ba azzalumi ba ne, ni ban yarda a kira shi haka ba. An ɗora masa nauyin rigimar da ke tsakanin Abuja da Kaduna, alhali jarinsa bai wuce na buhun sukari da 'yan katan-katan ba. Gwamna ya ce karɓi, banki ya ce kada ka kawo mini. Idan ya yi asara, wa zai biya shi? Dokar da ta wajabta wa ƙaramin ɗan kasuwa karɓa, dole ta fara hawa kan mai sari da gidan mai da banki, domin mutum ba ya karɓar kuɗi sai yana da yaƙinin na gaba da shi zai karɓa.

Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris, 2023, cewa ba a ba jama'a isasshen lokaci ba, ta bar tsofaffin takardun su ci gaba zuwa 31 ga Disamba. A ranar 29 ga Nuwamba ta cire wa'adin baki ɗaya. Saboda haka tsohuwa da sabuwa duka naira ce, kuma mai kanti a Tabanni, ko a Legas, ba shi da damar zaɓa tsakaninsu. Jabu ce kaɗai ke da wani hukunci daban.

Ina roƙon shugabannin kasuwa su riƙa shelar wannan hukunci a ranar kasuwa, domin jita-jitar daina karɓar tsofaffin kuɗi takan dawo a ƙarshen shekara, kuma tsofaffi da mata ne ke fara faɗawa hannun masu canji. Wakilanmu kuma su matsa: tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024 kuɗi na yawo a yankin nan, ya kamata a samu rassan banki da wakilansu a mazaɓun gabas, inda mai shago zai kai tsohuwar takarda ko wadda ta yage a canza masa.